Lamba da Sa'a a Wasannin Kamanci: Daga Majefin Besbol Zuwa Golan Gidajen Gem na Yankin Falgore

Tsakure

Wasannin na'ura da ke kwaikwayon wasannin motsa jiki suna ba kowane ɗan wasa maki, kuma a kan wannan maki ne matasan da ke buga su suke gina zaɓinsu da gardamarsu. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda makin yake aiki a cikin wasa. Ta fara da majefin besbol, domin a kansa ne aka fi daɗewa ana warware wannan lissafi, sannan ta dawo kan mai tsaron gida a wasannin ƙwallon ƙafa da ake bugawa a gidajen gem na kudancin Kano. Matsayin maƙalar shi ne cewa maki yana karkata yiwuwar abu ne kawai, kuma karkatar ba ta bayyana sai gwaji ya yawaita.

1.0 Gabatarwa

A garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Jos da ta Kano zuwa Zariya, irin su Tudun Wada da Kwanar Ɗangora, da kuma Tiga da Kiru da Riruwai, gidan gem ya zama maƙwabcin gidan kallon ƙwallo, wani lokaci ma rumfa ɗaya suke. Kayan aikinsa ba su da yawa: talabijin, na'urar PlayStation, madannin hannu guda biyu da aka fi kira fad, benci, sai janareta ko batirin sola. Abin da aka fi bugawa shi ne ƙwallon ƙafa, ko dai PES na kamfanin Konami ko FIFA na kamfanin EA Sports. Ƙa'idar da ta yaɗu ita ce wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan, ya kuma tashi ya ba na layi wuri. Saboda haka ƙwallo ɗaya da ta wuce gola tana da farashi, ko da ba mai yawa ba ne, kuma tana taɓa mutuncin matashi a gaban abokansa.

Gardamar da ta fi maimaituwa a irin wannan wuri takan tashi ne a kan gola. Matashi ya zaɓi ƙungiyar da golanta ke da maki 89, abokin karawarsa kuma na da mai 80, amma aka tashi wasa an zura wa mai 89 ƙwallo uku. Daga nan sai fassara ta rabu. Wani ya ce fad ɗinsa ne ya lalace, wani ya ce na'urar ce ta yi son kai, wani kuma ya yanke hukuncin cewa lambobin nan duk ado ne. Ba a cika jin bayani na huɗu ba, wato cewa lambar ta yi aikinta daidai, kuma shan ƙwallo uku yana cikin abin da ta ƙunsa tun farko. Wannan bayani na huɗu shi maƙalar ta sa a gaba.

Kafin a ci gaba akwai buƙatar daidaita kalmomi. Hausa ta riga ta keɓe "wasan kwaikwayo" ga dirama, don haka a nan an yi amfani da "wasan kamanci" ga duk wasan da ke kwaikwayon wani wasa na zahiri ta hanyar lissafi, a kan takarda ne ko a na'ura. An kuma ɗauki "maki" ga lambar da ake auna ƙwarewar ɗan wasa da ita. Game da besbol, kafafen watsa labarai kan kira shi ƙwallon gora, amma sunan yana hawa kan wasu wasannin sanda ma, shi ya sa aka bar shi da sunansa na aro.

2.0 Majefin Besbol da Katinsa

Besbol ba wasan ƙasar Hausa ba ne, ko da yake an buga shi a gasar wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Dalilin fara bayani da shi shi ne tsarinsa. Kowane motsi a besbol yana farawa ne da karawar mutum biyu: majefi yana jefa ƙwallo daga nisan mita 18.44, mai sanda kuma yana ƙoƙarin dukanta. Idan mai sanda ya kuskure jifa mai kyau sau uku an kore shi. Idan majefi ya kauce wa saiti sau huɗu, mai sanda ya samu zangon farko kyauta. Idan kuwa ya doki ƙwallon ta tsallake katangar fili, ya ci maki kai tsaye. In ta faɗo cikin fili, sai sauran 'yan ƙungiyar majefi su yi ƙoƙarin cafe ta ko su riga shi isa zango. Tun da sakamakon kowace karawa 'yan kaɗan ne kuma ana iya ƙirga su, wasan ya dace da lissafi fiye da ƙwallon ƙafa.

Tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje aka mayar da wannan karawa wasan tebur a Amurka. Dick Seitz ya fitar da APBA a 1951, Hal Richman kuma ya fitar da Strat-O-Matic a 1961. Hanyoyin da suka bi wajen ba majefi matsayinsa sun bambanta, kuma bambancin yana da darasi. A APBA ana karanta sakamako ne daga katin mai sanda, sannan darajar majefi, daga A zuwa D, ta gyara wasu sakamakon: dukan da zai zama nasara a gaban majefi mai D yana iya komawa kora a gaban mai A. A nan majefi matattara ce da ke tace abin da mai sanda ya samar. A Strat-O-Matic kuwa kowanne na da katinsa. Ana jefa ƙwayoyi uku masu fuska shida irin na ludo. Ta farko ce ke zaɓar kati: daga 1 zuwa 3 a duba katin mai sanda, daga 4 zuwa 6 a duba na majefi. Sauran biyun a haɗa su, su ba da lamba tsakanin 2 da 12, wadda ke nuna layin da za a karanta.

Duk wanda ya taɓa buga ludo zai gane abin da ke ƙarƙashin wannan. Ƙwayoyi biyu na iya faɗuwa ta hanyoyi 36. Shida daga ciki suna ba da 7, amma hanya ɗaya tak ke ba da 2, ɗaya kuma ke ba da 12. Mai tsara kati yana ɗora kora a layin 6 da 7 da 8 na katin gwanin majefi, ya tura munanan sakamako zuwa layin 2 da 12. A katin rarraunan majefi sai a juya tsarin. Ƙwayoyi ukun gaba ɗaya suna da hanyoyi 216, kuma 108 ne kawai ke sauka a katin majefi. Ma'ana, komai gwanintarsa, rabin lokaci ba a ma duba katinsa. A sauran rabin ma akwai layukan da ke cutar da shi, sai dai ba su cika fitowa ba.

Wannan shi ne asalin abin da ake kira maki. Ba ya umurtar na'ura da ta ba gwani nasara. Yana faɗaɗa rabon kyawawan sakamako ne a cikin jakar da za a zura hannu a zaro ɗaya.

2.1 Abin da Majefi Ya Mallaka da Abin da Bai Mallaka Ba

Da wasannin suka koma kwamfuta, katin ya rarrabu zuwa ma'aunai daban-daban. A Out of the Park Baseball, wanda Markus Heinsohn ya fara fitarwa a 1999, manyan ma'aunan majefi uku ne. Akwai kaifin jifa, wanda ke ƙara yawan masu sandar da yake kora. Akwai lanƙwasar ƙwallo, wadda ke rage dukan da ke tsallake katanga. Akwai saiti, wanda ke rage zangon kyauta. Bayan su akwai juriya, wadda ke faɗin yawan jifan da zai yi kafin sauran ma'aunan su fara zubewa. A besbol na zahiri majefin da ya fara wasa yakan sauka ne idan ya kai jifa ɗari ko kusa da haka. Ana iya nuna waɗannan ma'aunai a sikelin 20 zuwa 80 da masu farautar 'yan wasa ke amfani da shi, inda 50 ke nufin matsakaici.

Ba a zaɓi waɗannan ukun da ka ba. A watan Janairun 2001 Voros McCracken ya wallafa nazarin da ya girgiza masu lissafin besbol. Ya nuna cewa yawan kora da zangon kyauta da dukan tsallake katanga suna bin majefi daga shekara zuwa shekara, amma da zarar an doki ƙwallo ta faɗo cikin fili, rabon da ke zama nasara ga mai sanda yana yawo ne a kusa da kashi 30 cikin ɗari ga yawancin majefa, gwani da wanda ba gwani ba. Wanda ya yi fice a wannan ma'auni bana yana iya zama na baya baɗi. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun sassauta iƙirarin, sun nuna majefi na da ɗan tasiri a nan ma, amma ginshiƙin ya tsaya: babban ɓangare na abin da ake yaba wa majefi ko ake zarginsa da shi aikin abokan wasansa ne da kuma sa'a. Manomin da ke gefen dajin Falgore ya san irin wannan rabo. Zaɓen iri da lokacin shuka da noma na hannunsa, amma ruwan watan Agusta ba nasa ba ne, kuma a rumbu ba a rarrabe wanne ya kawo wane dami.

Akwai kuma tambayar yadda ake haɗa makin mutum biyu da ke karawa. Hankali zai fara kawo raba-daidai, amma ba haka masu lissafi suke yi ba. Bill James ya gabatar da wata dabara a farkon shekarun 1980, wadda ake auna kowane ɓangare da matsakaicin gasar kafin a haɗa su. A ɗauka misali cewa a wata gasa ana korar mai sanda sau 20 cikin ɗari. Ga majefi mai kora sau 30 cikin ɗari, ga kuma mai sandar da ake kora sau 25 cikin ɗari. Raba-daidai zai ba da 27.5. Amma dabarar tana ba da kusan 36, wato sama da lambar kowannensu, domin ƙarfin wannan ya haɗu da raunin wancan. Darasin shi ne maki ba ya aiki shi kaɗai. Ƙimarsa a kowace karawa ta dogara da wanda ke tsaye a gabansa.

3.0 Gola a Gidan Gem

Konami ya fara jerin Winning Eleven a Japan a 1995, ya sa masa sunan Pro Evolution Soccer a Turai a 2001, ya kuma mayar da shi eFootball a 2021. EA Sports ya fara FIFA a 1993, sunan ya koma EA Sports FC a 2023. A cikin waɗannan wasanni, 'yan wasan fili suna hannun mai fad: shi ke gudu da su, shi ke ba da ƙwallo, shi ke harbi. Gwanin fad na iya ɗaukar ƙaramar ƙungiya ya doke wanda ya ɗauki Real Madrid. Gola ne ya fita daban. Mai fad na iya danna maɓalli ya fito da shi, a sababbin fitowa yana iya gusar da shi gefe, a fenariti kuma shi ke zaɓar masa inda zai faɗa. Bayan wannan, tsayuwarsa da tsallensa da kamunsa duk na'ura ce ke yanke su bisa makinsa. A cikin 'yan wasa goma sha ɗaya, shi ne ya fi kama da katin majefi.

A fuskar katin gola na FIFA akwai ma'aunai shida: tsalle, kamu, bugu, zafin nama, gudu da iya tsayuwa. Babbar lambar da ke saman katin, wadda ita ce matasa ke ambata, taƙaitawa ce. Masu bin diddigin wasan sun daɗe da lissafo yadda ake haɗa ta: tsalle da kamu da zafin nama da iya tsayuwa kowanne na ɗauke da kashi 21 cikin ɗari, saurin ankara na da kashi 11, bugu kuma kashi 5. Gudu, duk da yana fuskar katin, ba ya cikin lissafin. Tsawon gola ma ba ya ciki, alhali a cikin wasa yana da tasiri a kan inda hannunsa zai kai.

Sakamakon wannan shi ne gololi biyu na iya ɗaukar lamba ɗaya su kuma zama mabambanta. A ɗauki na farko mai 84 a komai in ban da bugu da yake da 60. Jimillarsa za ta kai kusan 83. Na biyu yana da 90 a tsalle da zafin nama, 76 a kamu da iya tsayuwa, 84 a sauran. Shi ma jimillarsa kusan 83 ce. Na biyun zai riƙa yin tsallen da ke sa benci ihu, amma zai fi yawan amayar da ƙwallo a gaban maharan abokin karawa, ya kuma fi yawan tsayawa inda bai dace ba. Wanda ke fuskantar mai yawan harbi daga nesa da wanda ke fuskantar mai kutsawa cikin da'ira ba gola ɗaya ya kamata su nema ba, ko da lambar saman kati ta yi daidai. Wannan shi ne takwaran majefi mai kaifin jifa marar saiti da majefi mai saiti marar kaifi.

PES ya ƙara wani abu da ya fi kusa da yadda mutane ke tunani, wato kibiyar yanayi da ke gefen sunan ɗan wasa kafin a fara. A tsofaffin fitowa jar kibiya mai kallon sama ita ce mafi kyau, mai kallon ƙasa kuma tana rage wa ɗan wasa ma'aunansa na wannan wasan. Daga baya kamfanin ya sauya launukan. Football Manager na kamfanin Sports Interactive, wanda ke auna 'yan wasa daga 1 zuwa 20, yana da ɓoyayyun ma'aunai, ciki har da na ɗorewar ƙwazo daga wasa zuwa wasa da na iya ɗaukar babban wasa. Wato masu tsara wasannin da kansu sun saka rashin tabbas a cikin maki da gangan, domin wasan da gwani ke cin kowace karawa ba zai yi kama da ƙwallo ba, ba kuma zai samu mai biyan kuɗinsa ba.

3.1 Dalilin da Ya Sa Makin Gola Ba Ya Saurin Bayyana

A nan ne gola da majefi suka rabu, kuma a nan ne tushen gardamar gidan gem yake. Majefin da ya fara wasa yakan kara da masu sanda sama da ashirin kafin ya sauka, kuma ƙungiyar babbar gasar Amurka na buga wasa 162 a kaka ɗaya. Gola kuwa harbi huɗu ko biyar ne ke nufo ragarsa a wasa, kakar Firimiyar Ingila kuma wasa 38 ce. Wasan gidan gem na minti goma bai fi haka yawan gwaji ba.

Ƙaramin lissafi zai fito da abin fili. A ƙaddara gola na farko yana tare harbi 75 cikin ɗari, na biyu kuma 68. Wannan tazara ce mai girma, irin wadda ke tsakanin golan babbar ƙungiya da na mai neman tsira daga faɗuwa. A ƙaddara kuma kowannensu ya fuskanci harbi biyar masu nauyi ɗaya. A wasa guda, yiwuwar na farko ya sha ƙwallaye ƙasa da na biyu kusan kashi 46 ce cikin ɗari. Yiwuwar su sha daidai kusan kashi 27 ce. Yiwuwar gwanin ya sha fiye da rarraunan ita ma kusan kashi 27 ce. Wato a cikin kowane wasa huɗu, ana sa ran fiye da ɗaya zai ƙare da mai babban maki ya fi shan ƙwallo. Haka kuma kusan sau ɗaya cikin goma za a zura masa uku ko fiye.

Amma a bar su su buga wasa 38, kowanne ya fuskanci harbi 190. Na farko zai sha kimanin 48, na biyu kimanin 61. Tazarar ƙwallo 13 a kaka ɗaya na iya raba ƙungiyar da ta je gasar Turai da wadda ta tsaya a tsakiyar tebur. Makin da ya yi kamar ba ya aiki a daren Juma'a yana nan yana aiki. Idon ɗan kallo ne ba ya riƙe wasa talatin da takwas a lokaci guda. Abin da yake riƙewa shi ne daren da ya biya kuɗi.

Ƙwallon zahiri ma ta ba da misali mai kyau a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. A ranar 3 ga Fabrairun 2024, Ronwen Williams na Afirka ta Kudu ya tare fenariti huɗu a bugun raba gardama da Kef Bad. Kwana huɗu bayan haka, a wasan kusa da na ƙarshe a Bouaké, bai tare ko ɗaya daga na Nijeriya ba, yayin da Stanley Nwabali ya tare biyu, Nijeriya ta wuce da ci 4 da 2. Babu mai hankalin da zai ce ƙwarewar Williams ta ƙafe cikin kwana huɗu. Fenariti na shiga ne kusan sau uku cikin huɗu, kuma bugu biyar ba su isa su auna kowa ba.

4.0 Zargin Son Kai

Tunanin cewa na'ura na juya wasa ba a Kano ya tsaya ba. 'Yan wasan FIFA a Turai da Amurka sun daɗe suna zargin cewa akwai ɓoyayyen tsari da ke raunana wanda ke kan gaba. A watan Nuwamban 2020 wasu 'yan wasa suka shigar da EA ƙara a jihar Kalifoniya, suna cewa yana amfani da fasahar sauya wahalar wasa domin ya tura mutane sayen katunan 'yan wasa. Kamfanin ya amsa cewa yana da rajistar fasahar amma bai sa ta a waɗannan wasanni ba. A watan Maris na 2021 masu ƙarar suka janye bayan an ba su damar ganawa da injiniyoyinsa. Wannan bai kashe zargin a bakin 'yan wasa ba, kuma da wuya ya mutu, domin lissafin da ya gabata ya nuna cewa ko ba a taɓa komai ba, sakamakon da ke kama da maguɗi zai riƙa fitowa a kai a kai.

Akwai dai ƙorafin da ya fi wannan tushe, wato tambayar wanda ke ba da makin. Lambobin FIFA mutane ne ke sa su. Sashen da Michael Müller-Möhring ya jagoranta a Jamus ya dogara da dubban masu sa ido da ke kallon wasanni suna aiko da ra'ayi, kuma darajar gasar da ɗan wasa ke ciki tana shafar iyakar makinsa. Gasar Nijeriya ba ta cikin gasannin da wasan ke ɗauke da su. Kano Pillars ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma matashin Bebeji ba zai same ta a jerin ƙungiyoyin faifan asali ba. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, sai dai ƙaurarsa zuwa Turai ce ta shigar da shi cikin waɗanda ake auna su. Vincent Enyeama ma a Lille ta Faransa, inda ya yi wasa goma sha ɗaya a jere ba a ci shi ba a 2013, ya samu irin makin da duniya ta gani. Maki yana auna abin da masu aunawa suka kalla.

5.0 Maki da Kirari

Ga mai nazarin Hausa, abin lura shi ne yadda lambar ke shiga baki. A gidan gem ba a cewa wane yana da yiwuwar tare kashi kaza. Cewa ake yi wane 90 ne, kamar yadda za a ce wane bijimi ne. Lambar ta zama sifa, ana jefa ta a fuskar abokin karawa kafin a fara wasa domin a karya masa gwiwa. Wannan aikin kirari ne, irin wanda ɗan dambe ke yi a tsakar fage, da irin zugar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi wa Shago da sauran 'yan damben zamaninsa.

Sai dai al'adar dambe ta fi gidan gem sanin yadda ake zama da faɗuwar gwani. Mai sauraron kirari bai taɓa ɗaukar sa a matsayin alkawari ba. Ya san makaɗi na kambamawa, ya san kuma ranar wani ba ta wani ba ce. Idan aka kashe shahararren ɗan dambe, akan ce yau ba ranarsa ba ce, ko a nemi dalili a asiri, amma ba a cewa makaɗin ya yi ƙarya. Lamba kuwa ta zo da rigar ilimin lissafi, shi ya sa ake neman ta cika abin da ba a taɓa nema daga kirari ba. Abin mamaki shi ne ita ce ta fi kirari tawali'u, domin abin da take faɗa bai wuce "sau da yawa" ba. Hausa na da kalmomin da za su ɗauki wannan ma'ana, irin su galibi da rinjaye da rabo, amma har yanzu ba a daidaita kalma ɗaya da ɗalibin sakandare da ɗan jarida da mai gidan gem za su yi tarayya a kanta ba wajen fassara wannan reshe na lissafi. "Sa'a" ta yi faɗi, kuma tana ɗauke da nauyin ƙaddara; "yiwuwa" ta fi kusa, sai dai a maganar yau da kullum tana nuna cewa abu na iya faruwa ne kawai, ba ta faɗin sau nawa.

Wurin da kirari da maki suka haɗu sosai shi ne sashen gyara 'yan wasa, wanda PES ya shahara da shi. A nan mai na'ura na iya ƙirƙirar ɗan wasa, ya sa masa sunansa ko na ƙungiyar unguwarsu, ya cika masa kowane ma'auni zuwa 99. Ta wannan ƙofa ce ƙungiyoyin gida da kamfanonin suka manta da su suke shiga wasan, a faifan da aka yi wa kwaskwarima. Golan da aka ƙera haka zai fi kowane gola tare harbi, amma na'urar ba ta ɗauki 99 a matsayin ɗari bisa ɗari ba. Harbin da aka yi daga kusa, ko wanda ya taɓa ƙafar mai tsaron baya ya sauya hanya, ko fenaritin da mai fad ya tura golan hagu ƙwallo ta tafi dama, duk za su shiga raga kamar yadda za su shiga ta mai 70.